Ƙasa a Kan Tebur: Tarihin Gina Duwatsu da Gidaje Don Ƙananan Jiragen Ƙasa

Gina ƙasa don ƙaramin jirgin ƙasa aikin hannu ne da ya tsiro a Turai da Amurka, daga baya ya yi ƙarfi a Japan. Mai yin sa yakan shimfiɗa layin dogo ɗan ƙarami a kan katako, sa'an nan ya kewaye shi da duk abin da matafiyi zai gani idan ya leƙa ta tagar tarago: tudu da kwari, kogi da gada, tasha, gonaki, gidaje, har da mutanen da ke jiran jirgi. Kowane abu da awo ɗaya ake ƙanƙanta shi. A awon HO, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, ana raba girman abu gida 87 a ɗauki ɗaya, don haka mutum mai tsawon mita 1.75 yakan koma milimita 20. A awon N gida 160 ne, mutumin ya koma milimita 11. A awon Z kuwa gida 220 ne, bai wuce milimita 8 ba, kamar ƙwayar shinkafa. Layin da ƙasar da ke ɗauke da shi, su ake kira shimfiɗa. Tarihin wannan aiki shi ne tarihin yadda hankalin masu yin sa ya tashi daga kan jirgin ya koma kan ƙasar da jirgin ke ratsawa.

Kwaikwayon ƙasa a kan tebur ya girmi jirgin ƙasa nesa ba kusa ba. Tun a 1668 gwamnatin Sarki Louis na 14 na Faransa ta fara sa a yi mata kwafin garuruwa masu ganuwa da ke kan iyakokinta, waɗanda daga baya aka daidaita awonsu a ɗaya cikin 600, domin sarki da hafsoshinsa su tsara yaƙi ba tare da sun bar fada ba. Masu aikin sun yi amfani da katako da takarda da yashi, suka daddatsa siliki mai launi ya zama ciyawa, suka naɗa zaren siliki a jikin waya ya zama bishiya. Da yawa daga cikin teburan suna nan har yau a Paris da Lille, kuma dabarar bishiyar waya ba ta mutu ba. A ƙasashen Jamus akwai wata al'ada ta daban, ta gina ɗan ƙauye a cikin ɗaki lokacin Kirsimeti. Masu ƙaura suka tafi da ita jihar Pennsylvania ta Amurka, inda daga baya jirgin wasa ya samu gurbi a tsakiyar ƙauyen.

Jiragen wasa na ƙarni na 19 ba su da ƙasar kansu. Wasu da zare ake jan su, wasu kuma da tururi na gaske suke tafiya, suna ɗigar da ruwa a kan darduma. A 1891 kamfanin Märklin na garin Göppingen ya kai baje kolin Leipzig wani sabon abu: jirgin da ake murɗa wa makulli kamar agogon da, mai bin layi gunduwa-gunduwa da ake harhaɗawa, kuma faɗin layin ƙayyadadde ne. Wannan ya sa wanda ya sayi jirgi bana zai dawo baɗi neman ƙari. Nan da nan Märklin da Bing na Nuremberg, daga baya Lionel na New York da Hornby na Liverpool, suka shiga sayar da tasha da gada da fitila da kogon dutse, akasarinsu na gwangwani da aka buga wa launi. Ba a damu da awo ba. Kogon yakan gajarta har kan jirgi ya ɓullo wutsiya ba ta shiga ba. Jiragen kuma manya ne: a awon O faɗin layi milimita 32 ne, zagaye ɗaya ya cinye tsakar ɗaki, sai a shimfiɗa da rana a naɗe da dare. Abin da ake naɗewa kullum kuwa ba a gina masa tudu.

Abu biyu ne suka sauya wannan: ƙanƙanta da lantarki. A farkon shekarun 1920 Bing, tare da ɗan kasuwar Northampton W. J. Bassett-Lowke da injiniya Henry Greenly, suka fito da jirgin tebur mai kusan rabin girman O. A 1935 Trix da Märklin suka biyo da nasu na lantarki, Hornby Dublo ya zo a 1938. Faɗin layi ya zauna a milimita 16.5. Ingila ce ta fita daban: da yake kawunan jiragenta sun fi na Amurka da sauran Turai matsewa, injin lantarkin lokacin bai shiga cikinsu a awon 87 ba, sai aka girmama jikin zuwa ɗaya cikin 76 aka bar layin yadda yake. Shi ne awon OO, wanda Ingila ke kai har yanzu. Manya ma sun shigo fagen da aka ɗauka na yara ne. An kafa kulob ɗin Model Railway Club a Landan a 1910, Al Kalmbach ya fara mujallar Model Railroader a Milwaukee a 1934, shekara ɗaya bayan haka aka kafa ƙungiyar NMRA a garin don daidaita ma'aunai. Da layi ya samu mazauni na dindindin a kan katako, sai aka ga fili ya rage a gefensa, babu kome sai koren fenti.

Wanda aka fi danganta cike wannan fili da shi a Ingila shi ne John Ahern. A shekarun 1930 ya fara shimfiɗarsa mai suna Madder Valley, inda ya ƙago wani kwari da babu shi a taswira, ya sa layi ya tashi daga tashar ruwa ta Madderport ya bi bakin kogi yana hawa cikin ƙauyuka. Kafin shi ana fara kafa layi ne a liƙa masa ado daga baya. Ahern ya nuna ƙasar kamar ta riga layin zuwa, layin ne ya zo ya lallaɓa ta tsakanin gidaje da tuddai, kamar yadda yake faruwa a zahiri. Da kwali da takarda mai zanen bulo ya yi gine-ginensa, kayan da kowa zai iya samu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, kuma littattafan da ya rubuta kan gina gidaje da ƙasa sun koyar da mutane masu ɗimbin yawa.

Roye England ya ɗauki wata hanya, wadda ta fi kusa da aikin masu adana tarihi. An haife shi a Perth ta Ostareliya a 1906, ya iso Ingila a 1925, ya zauna a yankin karkara da ake kira Vale of White Horse. Abin da ya gani ya dame shi: ana tuge jinkar tsofaffin gidaje ana maye gurbinta da rufin zamani, ana rushe wasu gaba ɗaya. A 1931 ya fara kwafin wani tsohon masauki na ƙauyen Wanborough, ya sa masa suna Waggon and Horses, aikin da ya ci shekaru. Daga nan ya riƙa yawo a kan keke yana auna gidaje, yana ɗaukar hoto, yana rubuta launin kowane bango. A 1954 ya buɗe gidan tarihi na Pendon a ƙauyen Long Wittenham, da burin tsayar da karkarar shekarun 1930 yadda take.

Hanyar aikin Pendon ta cancanci a dube ta da kyau, domin ita ce ƙololuwar haƙuri a wannan fage. Ana yanka bangon gida daga farin kwali mai kyau. Sai a ɗauki tsinke mai dakusasshen baki a danna layin siminti tsakanin bulo da bulo, alhali tsayin bulo ɗaya a awon 76 bai kai milimita guda ba. Bayan an shafa launin siminti, sai a bi kowane bulo da fentin ruwa da buroshi mai siririn baki, wannan ja, wancan ya ɗan ƙone, na kusa da ƙasa ya yi kore saboda laima. Inda bangon asali ya kumbura, na kwalin ma sai ya kumbura. Jinka kuwa da gashin mutum aka fara yin ta, daga baya aka koma zaren da masu aikin famfo ke naɗawa a bakin bututu: a ɗaure shi dami-dami, a liƙa daga ƙasa zuwa sama kamar yadda mai baibaya ke yi, a aske da almakashi. Gida ɗaya yakan ci sa'o'i ɗaruruwa. England ya mutu a 1995 ba a gama babbar shimfiɗar ba, masu aikin sa-kai suka ci gaba. Wasu gidajen da ya auna sun ɓace daga doron ƙasa, kwafinsu na Pendon ne shaidar kamanninsu.

A Amurka tunanin ya zo ta ƙofar wasan kwaikwayo. Frank Ellison na New Orleans, wanda ya yi aikin dandali kafin ya gina shimfiɗarsa ta Delta Lines, ya yi ta rubutu a shekarun 1940 yana kwatanta shimfiɗa da dandali, jiragen su ne 'yan wasa, jadawalin tafiya shi ne labarin. Bisa wannan fahimta, dutse da gini suna da aiki irin na labule: su ɓoye jirgi ya fita daga ido, su sa mai kallo ya ɗauka ya yi nisa.

John Allen ne ya kai wannan tunani inda ba a zata ba. Mai ɗaukar hoto ne da ke zaune a Monterey ta Kaliforniya, kuma idon mai hoto ya kawo. A 1946 ya fara Gorre & Daphetid a awon HO a kan katakon da bai kai girman gado ba. A 1948 wani ɗakin ajiye kan jirgi da ya gina ya ci gasar mujalla, abin da ya ja hankali kuwa shi ne dauɗarsa: katako ya koɗe, hayaƙi ya baƙanta saman ƙofa, tantabaru sun zauna a kan rufi sun bar kashinsu. Har zuwa lokacin yawancin mutane sabon fenti suke so. Allen ya nuna cewa tsatsa da ƙura da kunkunniya su ke sa ido ya yarda, kuma wannan tsufantarwa ta zama reshe mai zaman kanta. Da ya sauya gida a farkon shekarun 1950, sai ya haƙe ƙarƙashin gidan ya gina duwatsu tun daga daɓe har rufi, ta yadda mai kallo yake tsayawa a cikin kwazazzabo, gadoji suna ratsawa a daidai idonsa. Ya kafa madubai a wuraren da ba a lura, titi ya zama kamar ya zarce, gari ya ninku. Ya mutu a ranar 6 ga Janairun 1973. Kwana goma bayan haka gobara ta tashi a gidan, aikin shekara ashirin ya ƙone. Hotunan da ya ɗauka da kansa ne akasarin abin da ya rage.

Kayan aikin wancan zamani masu nauyi ne. A kafa ƙashin tudu da katako, a ja ragar waya a kai, a yaɓa filasta. An ma daɗe ana cuɗa garin asbestos a cikin kwaɓin kafin a gane illarsa ga huhu. Ciyawa garin katako ce da aka rina, kurmi kuma wani gansakuka ne na ƙasashen sanyi da ake jiƙawa a gilisarin don kada ya bushe ya farfashe. Linn Westcott, editan Model Railroader daga 1961 zuwa 1977, ya yaɗa hanya mafi sauƙi: a dunƙule tsofaffin jaridu su ba da siffar tudu, a tsoma takardar goge hannu cikin filasta mai ƙarfi a lulluɓe, idan ta bushe a zare jaridun, ɓawo ya tsaya da kansa. Fuskar dutse kuma daga dutsen gaske ake ɗaukar ta, a shafa masa ruwan roba ya kama zanensa, a zuba filasta a ciki.

Masana'antu sun shigo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan'uwa biyu, Edwin da Hermann Faller, sun kafa kamfaninsu a 1946, suka fara da gidajen katako da kwali a Gütenbach, a shekarun 1950 suka koma roba. Bachmann na Philadelphia ya fito da Plasticville a ƙarshen shekarun 1940, gidajen da ake maƙala bangonsu ba tare da gam ba. Airfix ya fara nasa a Ingila a 1957. Preiser, wanda ya soma a 1949 da 'yan mutane da ake sassaƙawa da hannu daga katako, shi ma ya koma roba, amma fentin ya ci gaba da zama na hannu. Amfanin wannan a bayyane yake, domin yaro mai wuƙa da gam ya iya tayar da gari cikin mako guda. Hasararsa ita ce tasha iri ɗaya ta bayyana a dubban shimfiɗu. Masu himma suka mayar da martani ta hanyar yanka kayan kamfani biyu ko uku su haɗa gini na huɗu da babu irinsa, wasu kuma suka tsaya kan kwali da katako suna ginawa daga tushe.

Ƙanƙantawa ta biyu ta zo a farkon shekarun 1960, lokacin da kamfanin Arnold na Nuremberg ya kafa awon N mai layin milimita 9. Kato ya fara nasa a Japan a 1965, inda ɗakuna ƙanana ne, awon ya mamaye kasuwa. Japanawa suna raba yawancin jiragensu gida 150 maimakon 160, saboda faɗin tsohon layinsu milimita 1,067 ne, daidai da tsohon layin da ya haɗa Legas da Kano, ba 1,435 na Turai ba. Märklin ya ƙara matsawa a 1972 da awon Z mai layin milimita 6.5. Lissafin shi ne ya ba ƙasa rinjaye: kilomita ɗaya yana cin mita 11.5 a HO, amma mita 6.25 a N, kuma abin da ya cika tebur a HO bai kai sulusin teburin ba a N. Filin da ya samu sai ya koma na tudu da kogi. A wannan awo jirgi yakan zama siririn zare a gindin dutse, yadda ake ganin sa daga nesa.

Sai dai ƙaramin awo yana da nasa hukunci. Tsayin bulo a N bai kai rabin milimita ba, don haka zanen da aka zurfafa yakan sa bango ya yi kama da na kurkuku. Tsakuwar layi dole ta yi laushi kamar yashi. Launi ma sai an rage masa kaifi da fari ko toka-toka, domin mai kallon shimfiɗar N daga mita ɗaya kamar mai hangen abu ne daga mita 160, inda iska ta riga ta dusashe launuka. Bishiya ita ce aka fi kuskurewa: mai tsawon mita 20 ya kamata ta kai santimita 12.5 a N, amma da yawa sukan sa rabin haka, sai gidaje su fi ƙarfin daji. Ko a wannan awo fili ba ya isa, shi ya sa ake matse gini mai taga goma sha biyu ya koma takwas, a liƙa rabin gida a jikin allon baya da aka zana wa sama, a kuma ƙanƙanta gine-ginen baya fiye da na gaba don a yaudari ido. Copenhagen Fields, wadda Model Railway Club ya fara a farkon shekarun 1980 don nuna unguwannin arewa da tashar King's Cross ta Landan, ita ce fitacciyar shaidar wannan dabara: rufin gidaje suna raguwa layi bayan layi har su narke cikin hayaƙin da aka zana.

Marasa fili sun samo mafita a haɗin gwiwa. Tsarin NTRAK da aka fara a Amurka a 1973 ya ƙayyade girman katako, kimanin santimita 61 da 122, da wurin da layi uku za su ɓullo a kowane gefe. Kowa ya gina nasa yanki a gida, ranar taro a jera su su zama babbar shimfiɗa guda. Ƙungiyar FREMO ta Turai, wadda aka kafa a 1981, ta ƙayyade har da siffar ƙasa a bakin katako, domin tudun wani ya haɗu da na maƙwabcinsa ba tsalle. Wasu kuma suka nufi ƙanƙanta zalla, suna gina tasha guda a kan kanta ko cikin akwati.

Daga shekarun 1970 kayan aiki suka yi sauƙi. Niƙaƙƙen soso mai launi, wanda kamfanin Woodland Scenics na Missouri ya yaɗa, ya kori garin katako. Allunan kumfar roba da ake sa wa gini don tare sanyi suka maye gurbin raga da filasta, ana jera su a sassaƙa da wuƙa, a huda a dasa bishiya. Ciyawa ta miƙe tsaye: ana shafa gam, a zuba gajerun zaruruwa ta wata rariya mai caji, irin cajin da ke sa matajin da aka goga ya ɗauki takarda, sai kowane zare ya faɗo a tsaye. Ruwan kogi da na tafki da ruwan roba mai daskarewa garau ake zuba shi, zurfinsa kuma fentin ƙasansa ne ke nunawa. A 'yan shekarun nan injin yanka da hasken leza da injin da ke buga abu mai jiki daga zanen kwamfuta sun sa mutum ɗaya yana iya fitar da tashar garinsu daidai da hotonta. Mafi girman abin da aka yi da waɗannan kaya shi ne Miniatur Wunderland na Hamburg, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Layinsa ya haura kilomita 15 a awon HO, gari yana wayewa dare ya yi cikin minti 15, kuma tun 2011 jiragen sama suna tashi suna sauka a filinsa.

Adana shimfiɗa ya fi gina ta wuya. Ƙura tana kashe launi, hasken rana yana koɗar da kore, laima tana lanƙwasa kwali, gansakuka yana bushewa ya zama gari. Yawancinsu an gina su ne daidai da ɗaki ɗaya, ba sa fita ta ƙofa sai an sa zarto, shi ya sa kaɗan ne ke wuce ran mai su. Buckingham, wadda limamin coci Peter Denny ya fara a ƙarshen shekarun 1940 ya yi ta faɗaɗawa har tsufansa, tana cikin waɗanda suka tsira, domin an kwashe ta an sake kafawa a wani gida bayan mutuwarsa. Madder Valley kuma an kai ta Pendon bayan mutuwar Ahern a 1961. Tana can a bayan gilashi, ana tayar da jiragenta 'yan kwanaki kaɗan a shekara don kada tsofaffin injinan su gaji.